Ko Zaɓin Mutum Yana Canza Ƙarshen Labari?

Gabatarwa

A Potiskum, kamar sauran garuruwan Arewa, ba a rasa ɗakunan da samari suke taruwa a gaban talabijin da na'urar PlayStation, su biya 'yan kuɗi su yi wasa, janareta yana ta ruri a bakin ƙofa. Gidan gem ake ce wa irin wannan wuri, kuma wasan ƙwallon ƙafa ne ya fi yawa a cikinsa. Amma da wayoyin hannu da kwamfutoci suka yawaita, sai wani irin wasa dabam ya shigo gidaje, har da gidajen masu bi. A cikinsa mai wasa yakan shiga rigar jarumin wani dogon labari, ya yi tafiya da ƙafarsa, ya yi magana da bakinsa. A kai a kai kuma wasan yakan tsaya ya tambaye shi abin da zai yi: ya yafe wa wanda ya cuce shi ko ya rama, ya faɗi gaskiya ko ya ɓoye, ya karɓi kuɗi ko ya ƙi.

Yaron da yake sauraron tatsuniya a wurin kakarsa ba shi da ikon hana Gizo faɗawa ramin da haɗamarsa ta haƙa masa, gama tun kafin a ce ga ta nan ga ta nanku an riga an san inda za a yi ƙurunƙus. Dattawan da suke dara a gindin itace kuwa ba wanda ya rubuta musu wanda zai ci, sai yadda kowa ya tura 'ya'yansa. Wannan sabon wasa yana tsakanin tatsuniya da dara. Shi ya sa tambayar da masu yinsa suka fi yi wa juna ita ce, shin abin da mai wasa ya zaɓa yana canza ƙarshen labarin, ko kuwa ruɗi ne kawai, duk inda aka bi wuri ɗaya za a ɓulla?

Mai yiwuwa iyaye su ɗauki wannan a kan surutun yara. Amma tambayar nan ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Ita ce ake yi a gidan makoki sa'ad da wani ya ce ƙaddara ta riga fata. Ita ce kuma take ɓoye a bakin saurayin da ya bar makaranta ya kama shaye-shaye, in an yi masa magana ya ce abin da aka rubuta masa ke nan. Amsar da iyali suka riƙe a kan wannan tambaya tana shafar yadda suke renon 'ya'yansu, da yadda suke aiki, da yadda suke jure wa baƙin ciki. Don haka ya cancanci a duba ta da hasken Maganar Allah.

Amsar da masu ƙera wasannin suka bayar

Kafin a zo ga Littafi Mai Tsarki, yana da kyau a san yadda abin yake aiki. Wasan yakan riƙe lissafin abin da mai wasa ya yi a ɓoye, kamar yadda mai shago yake rubuta bashi a littafinsa. Idan aka zo wani wuri a labarin, sai wasan ya duba littafin, ya buɗe wata ƙofa ya rufe wata. Dukan ƙofofin masu ƙera wasan ne suka gina su tun da fari. Yadda suke amfani da wannan lissafi kuwa ya kasu kashi 3.

Kashi na farko shi ne wasan da aka ɗaure ƙarshensa tam. A 1997 kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar da Final Fantasy VII a kan na'urar PlayStation. A tsakiyar labarin ana kashe wata yarinya mai sayar da furanni, Aerith, wadda take cikin abokan tafiyar jarumin. Ko mai wasa ya ba ta makami mafi kyau, ko ya kula da ita fiye da kowa, ba abin da zai hana wannan mutuwa. Shekaru da yawa matasa a ƙasashe dabam dabam suna ta baza jita-jitar cewa akwai wata ɓoyayyiyar hanya ta tashe ta, alhali babu.

Kashi na biyu shi ne wasan da yake yi wa mutum alkawarin cewa zaɓinsa yana da nauyi, sa'an nan ya gaza cika alkawarin a ƙarshe. Kamfanin BioWare na birnin Edmonton a ƙasar Kanada ya fitar da Mass Effect kashi 3, a 2007 da 2010 da 2012. Wasan yana ɗauke abin da mutum ya yi a kashi na farko ya kai shi na biyu da na uku, har abokin da aka bari ya mutu a na farko ba ya dawowa a na biyu. Mutane suka yi shekara 5 suna auna kowace shawara. Da aka zo ƙarshen kashi na uku a watan Maris na 2012, sai aka tsayar da jarumin a gaban hanyoyi 3, hotunan da suka biyo bayan kowace hanya kuwa kusan iri ɗaya ne, abin da ya fi bambanta su shi ne launin hasken, ja ko shuɗi ko kore. Masu wasan suka husata ƙwarai. Waɗansu suka aika wa kamfanin ƙananan kek sama da 400 masu launi 3 amma ɗanɗanonsu ɗaya, domin su nuna masa abin da ya yi musu. A watan Yuni na wannan shekara kamfanin ya fitar da ƙarin bayanin ƙarshen labarin kyauta don ya kwantar da hankalinsu.

Kashi na uku shi ne wasan da ƙarshensa yake fitowa daga abubuwan da mutum ya yi tun can baya ba tare da ya san suna da muhimmanci ba. A 2015 kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya fitar da The Witcher 3. Jarumin, Geralt, yana da 'yar riƙo mai suna Ciri, kuma makomarta a ƙarshen labarin iri 3 ce, ɗaya daga ciki ita ce ta tafi yaƙinta na ƙarshe ba ta dawo ba. Abin da yake yanke wannan hukunci waɗansu 'yan lokuta ne tsakanin uba da 'ya. Sa'ad da take baƙin ciki, ya faranta mata rai da wasa ko ya ja ta zuwa shan giya? Sa'ad da mahaifinta na jini ya miƙa masa kuɗi ladan kawo ta, ya karɓa a gabanta ko ya ƙi? Sa'ad da ta roƙe shi ya raka ta kabarin wanda ya taimake ta, ya je ko ya ce babu lokaci? Sa'ad da za ta shiga gaban manya, ya amince mata ta yi magana da kanta ko ya bi ta ya yi magana a madadinta? Wasan ba ya buga ƙararrawa ya ce ga babban zaɓi ya zo. Mutane da yawa sai da suka ga ƙarshen kafin su gane inda suka yi kuskure.

Ambaton waɗannan wasanni ba shawara ba ce a saya wa yara su. Na ƙarshen nan musamman na manya ne, akwai zub da jini da tsiraici da sihiri a cikinsa. An kawo su ne domin fushin mutanen 2012 yana nuna wani abu game da zuciyar ɗan adam. Mutum ba ya jure a gaya masa cewa duk abin da ya yi daidai yake da bai yi ba. Allah ne ya sa wannan a cikinsa tun a gonar Adnin, inda ya ba shi aiki, ya ba shi doka, ya kuma gaya masa abin da zai biyo bayan karya ta.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Manyan malaman ikkilisiya sun yi dogon muhawara a kan ikon Allah da zaɓin mutum. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, ya yi ta da Filajiyus a farkon ƙarni na 5. Erasmus ya rubuta a kan 'yancin nufin mutum a 1524, Martin Luther ya ba shi amsa a 1525. Ba a nan za a raba wannan gardama ba. Abin da kowane mai bi zai iya gani da idonsa shi ne, Littafi Mai Tsarki yakan ajiye gaskiyar nan biyu a cikin labari ɗaya ba tare da ya yar da ko ɗaya ba.

A dubi Esta. Haman ya jefa ƙuri'a ya tsai da ranar da za a hallaka Yahudawa a dukan mulkin Farisa, an kuma buga wa dokar hatimin sarki. Esta tana fada, amma kwana 30 sarki bai kira ta ba, kuma duk wanda ya shiga wurinsa ba kira hukuncinsa kisa ne, sai dai in sarki ya miƙa masa sandan zinariya. Saƙon da Mordekai ya aika mata a sura ta 4 yana ɗauke da abu biyu. Ya tabbatar mata cewa ko ta yi shiru, ceton jama'ar zai fito ta wata hanya. Ya kuma gargaɗe ta cewa in ta yi shirun, ita da gidan mahaifinta ba za su tsira ba. Wato ƙarshen babban labarin yana hannun Allah, ba mai iya kwance shi, amma rabon Esta a cikin labarin yana rataye a kan abin da za ta yi. Ta sa aka yi azumi kwana 3, sa'an nan ta shiga.

A dubi Bulus a cikin jirgin ruwa, a Ayyukan Manzanni sura ta 27. Tun suna tsibirin Karita ya shawarci jarumin sojan da yake tsare da shi kada a tashi, amma jarumin ya fi jin maganar matuƙi da mai jirgin. Hadiri ya kama su. A tsakiyar wahalar mala'ika ya gaya wa Bulus cewa ba ran da zai salwanta cikin mutum 276 da suke jirgin. Duk da wannan alkawari, a dare na 14 da ma'aikatan jirgin suka saukar da ƙaramin kwalekwale don su gudu, Bulus bai naɗe hannu ya ce ai an riga an yi alkawari ba. Ya gaya wa sojojin cewa in mutanen nan suka bar jirgin, sauran ba za su tsira ba, sojojin kuwa suka yanke igiyoyin kwalekwalen. Kowa ya kai gaci a tsibirin Malita, wanda ake kira Malta a yau, kamar yadda Allah ya faɗa. Amma jirgin ya farfashe, kayan suka nutse, wannan asara kuwa ta fito ne daga shawarar da aka ƙi ji a Karita.

A dubi Dawuda kuma a garin Kaila, cikin 1 Sama'ila sura ta 23. Ya ceci garin daga Filistiyawa masu washe masussukai, sai ya ji Saul yana shirin zuwa ya kewaye shi a can. Ta hannun Abiyata firist ya tambayi Ubangiji ko Saul zai zo, aka ce zai zo. Ya sāke tambaya ko mutanen garin za su bashe shi, aka ce za su bashe shi. Dawuda ya tashi da mutanensa wajen 600 suka bar garin. Da Saul ya ji, sai ya fasa tafiyar, mutanen Kaila kuma ba su bashe kowa ba. Allah ya san hanyar da aka bi, ya kuma san wadda ba a bi ba da abin da yake ƙarshenta. Ya nuna wa bawansa ita ne domin ya kauce mata. Wannan shi ne amfanin kowane gargaɗi da yake cikin Maganar Allah, gama da zaɓin mutum ba ya canza kome, da gargaɗi ya zama wasa da hankali.

A nan misalin wasan yake gazawa, ya kamata kuma a faɗa. Masu ƙera wasa ba su san abin da mai wasa zai zaɓa ba, ba su kuma san shi ba balle su ƙaunace shi. Allah kuwa ya san ƙarshe tun daga farko, yana kuma tare da mutum a kan hanya, yana jan kunnensa ta wurin Maganarsa da Ruhunsa. Ceto ma kyautar alheri ce ta wurin Yesu Almasihu, ba ladan tara maki ba. Amma wanda aka miƙa wa kyauta shi zai buɗe hannu ko ya dunƙule.

Tambaya mai wuya

Mutanen Potiskum ba su bukatar a gaya musu cewa akwai abin da ba ya hannun mutum. A watan Mayu na 2012 'yan bindiga suka far wa kasuwar shanu, wadda take cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, aka rasa rayuka fiye da 30. A daren jajibirin Kirsimeti na wannan shekara aka kai wa wata majami'a hari a wani ƙauye kusa da garin, aka kashe mutum 6 har da faston. Ran 10 ga Nuwamba 2014 wani ɗan ƙunar baƙin wake sanye da kayan makaranta ya ta da bam a wurin taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, fiye da mutum 40 suka rasu, yawancinsu ɗalibai. Musulmi da Kirista duk sun binne nasu a waɗannan shekaru.

Yaran nan sun zaɓi abu mai kyau. Sun tashi da sassafe, sun sa kayan makaranta, sun tsaya a layi. Masu sujadar nan ma sun zaɓi abu mai kyau. Uwar da ta rasa ɗa a irin wannan rana tana da dalilin tambaya, to, ina amfanin zaɓin kirki? Ƙannen waɗanda suka rasu sun girma yanzu, waɗansunsu kuwa sun ɗauki amsar da ba ta dace ba, cewa tun da mutuwa ba ta duba mai kirki ko marar kirki, kowa ya yi abin da ya ga dama.

An kawo wa Yesu irin wannan labari a Luka sura ta 13, na Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Shi kuma ya ƙara da na mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya ƙi yarda a ce waɗanda suka mutu sun fi sauran mutane zunubi. Saboda haka ba mai ikon ce wa uwar nan wani laifinta ko na ɗanta ne ya jawo. Amma Yesu bai ce kome banza ne ba. Nan take ya juya ga masu rai ya kira su ga tuba, wato ga zaɓin da yake hannunsu tun suna da sauran numfashi.

Abu na biyu, abin da ya faru a waɗannan ranaku shi ma zaɓi ne, na waɗanda suka ɗauki makami da waɗanda suka aike su, kuma za su ba da lissafinsa. Kiran kisan kai ƙaddara kawai yana wanke mai kisan. Yusufu bai wanke 'yan'uwansa haka ba. A Farawa sura ta 50 ya kira abin da suka yi masa mugunta da sunanta, sa'an nan ya shaida cewa Allah ya juya ta ta zama hanyar ceton mutane da yawa daga yunwa.

Abu na uku, kabari ba shi ne shafin ƙarshe ba. Mai wasan da ya ga mutuwar yarinyar nan mai furanni ba shi da abin yi sai ya ci gaba ba tare da ita ba. Begen mai bi kuwa yana kan tashin Almasihu daga matattu, da ranar da za a buɗe littattafai a yi wa kowa shari'ar gaskiya. A wannan rana ne za a ga cewa amincin faston da ya tsaya tare da garkensa a daren Kirsimeti bai tafi a banza ba.

Ƙananan zaɓi na cikin gida

Potiskum gari ne na mararraba. Hanyar Damaturu ta yi gabas, ta Azare ta yi yamma, ta Gashuwa ta yi arewa, ta Fika ta yi kudu. Direban tirelar da ya yi lodin shanu zai nufi kudancin ƙasa bai shimfiɗa titin ba, ba shi da iko a kan ruwan sama ko gangancin wani direba. Amma shi zai duba taya da birki ko ya ƙi dubawa, shi zai tsaya ya yi barci ko ya haɗiye ƙwaya ya ci gaba da tuƙi. Ba direban kirki da zai bar birki a lalace ya ce abin da zai faru zai faru. Yakan yi addu'a kafin ya tashi, ya kuma kira makanike.

Haka renon 'ya'ya yake. Iyaye da yawa suna jiran manyan ranaku, ranar zaɓen makaranta ko ranar zaɓen miji ko mata, suna tsammani a nan za a yanke makomar yaro. Amma kafin waɗannan ranaku su zo, an riga an gina mutumin da zai yi zaɓin. An gina shi a ranar da ya kawo sakamakon jarrabawa marar kyau, uban ya zauna da shi ko ya kunyata shi a gaban baƙi. An gina shi a ranar da mai bin bashi ya yi sallama, aka aike shi ya ce baba ba ya nan. An gina 'ya mace a ranar da ta so ta gaya wa uwarta abin da yake damunta, uwar ta ajiye aikin hannunta ta saurare ta ko ta ce sai an jima. Masu ƙera wasan nan na ƙasar Folan sun gane wannan, shi ya sa suka ɓoye makomar yarinyar a cikin irin waɗannan lokuta. Hausawa sun riga su ganewa da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Eli firist bai zaɓi hallakar 'ya'yansa a rana ɗaya ba. Ya ji labarin abin da Hofni da Finehas suke yi a wurin hadaya, ya yi musu magana mai laushi, bai hana su ba, har hukunci ya zo wa gidan (1 Sama'ila 2 da 3). Timoti kuma bai zama abokin aikin Bulus a rana ɗaya ba. Kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki sun zuba masa Littattafai Masu Tsarki tun yana ɗan ƙarami, a ranakun da ba wanda ya rubuta tarihinsu (2 Timoti 1 da 3). Wannan ba ya nufin duk yaron da ya lalace laifin iyayensa ne, gama yaro ma yana da nasa zaɓin, kuma Sama'ila mai tsoron Allah shi ma ya ga 'ya'yansa sun karkata ga cin hanci. Abin da ake nema ga iyaye shi ne aminci a cikin rabonsu.

Ba a komawa baya, amma akwai tuba

Akwai wani abin da wasannin nan suke koya wa yara wanda rayuwa ba ta yarda da shi ba. Mai wasa yakan ajiye wasansa kafin ya yi zaɓi mai haɗari, in abin ya ɓaci sai ya koma inda ya ajiye ya sāke, kamar ba a taɓa yi ba. Wani Ba'amurke mai suna Toby Fox ya ƙalubalanci wannan a wasansa Undertale na 2015. Ana iya gama wasan ba a kashe kowa ba. Amma wanda ya bi hanyar karkashe kowa har ƙarshe, ko ya sāke farawa daga farko ya yi kirki, wasan yana tunawa, kyakkyawan ƙarshen ma yakan zo masa da tabo.

Rayuwa ta fi kama da wannan. Maganar da ta fita ba ta komawa baki, budurcin da aka zubar da shekarun da aka ɓatar ba su dawowa. Ubangiji ya gafarta wa Dawuda zunubinsa a kan Batsheba da Uriya, duk da haka takobi bai rabu da gidansa ba (2 Sama'ila 12). Ya kamata matasa su ji wannan sarai tun kafin su taka inda ba a dawowa.

Amma bishara tana da abin da babu shi a kowane wasa. A dare ɗaya almajirai biyu suka fāɗi. Yahuza ya bashe Ubangijinsa a kan azurfa 30, Bitrus ya yi musunsa sau 3. Dukansu biyu sun yi baƙin ciki. Yahuza ya mayar da kuɗin, ya yanke wa kansa hukunci cewa labarinsa ya ƙare, ya je ya rataye kansa. Bitrus ya yi kuka mai zafi, amma ya zauna tare da 'yan'uwa har Ubangiji ya same shi a bakin teku ya mayar masa da aikin kiwon tumakinsa (Yahaya 21). Musun Bitrus yana nan a rubuce cikin Bisharu 4, ba a goge ba, amma bai zama ƙarshen labarinsa ba. Tuba ba ta mai da jiya kamar ba a yi ta ba. Tana kawo gafara ta wurin jinin Almasihu, tana kuma sa mutum ya gyara abin da zai gyaru, kamar Zakka mai karɓar haraji da ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta ninki 4 (Luka 19). Saurayin da ya ce shi kam ya riga ya lalace yana maimaita kuskuren Yahuza ne, ikkilisiya kuwa tana da hakkin nuna masa hanyar Bitrus.

Shawara ga iyaye

Ƙwace waya da duka ba safai suke raba yaro da wasa ba, sai dai su koya masa ɓoyewa. Ya fi kyau uba ko uwa su zauna kusa da shi su ga abin da yake yi. A jikin kwalin yawancin wasannin da suke zuwa daga Turai akwai lamba, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, mai nuna shekarun da ya kamata mai wasan ya kai, ana kuma iya ganin irin wannan alama a wurin da ake sauke wasa a waya. Wasan da aka rubuta wa 18 ba na ɗan shekara 12 ba ne. A kuma tsai da lokaci, kada wasa ya cinye karatu da aikin gida da addu'ar iyali, kada kuma kuɗin makaranta ko na baiko ya ƙare a gidan gem.

Bayan haka, a mai da wasan ƙofar hira. A tambayi yaro wane zaɓi aka ba shi yau, me ya zaɓa, don me, kuma da abin a unguwarsu ya faru me zai yi. Yaron da ya ce ya yafe wa maƙiyinsa a cikin wasa ya buɗe wa uwarsa hanyar yi masa zancen ƙaninsa da yake gaba da shi. Wanda ya ce ya zaɓi mugunta don ya ga abin da zai faru ya ba ubansa zarafin nuna masa bambancin wasa da rayuwa, inda mutanen da ake cuta suke da jini da iyaye. Malaman makarantar Lahadi da shugabannin matasa ma za su iya ɗaukar tambayar nan su kai ta ga labarin Esta ko na Kaila, gama tambaya ce da yaran suka riga suka damu da ita.

Kammalawa

A wasa, amsar ta danganta ga yadda aka ƙera shi. Wani an ɗaure ƙarshensa, wani launi kawai ake canzawa, wani kuma yana fitowa daga abin da aka yi a hanya. A rayuwa kuwa, ƙarshen babban labari yana hannun Allah. Almasihu zai dawo, za a yi shari'a, ba mai ɗauke da makami ko mai mulki da zai hana wannan. Amma inda kowane mutum zai tsaya a wannan rana yana da alaƙa da abin da ya yi da kiran Allah a yau, da yadda ya riƙe amanar da aka ba shi a gida da kasuwa da makaranta. Joshuwa ya tara Isra'ila a Shekem bayan Allah ya riga ya cika alkawarin ba su ƙasar, duk da haka ya sa su zaɓi wanda za su bauta wa, ya kuma fara bayyana matsayin gidansa kafin ya jira amsar kowa (Joshuwa 24). Wannan aiki yana kan kowane mai gida da uwargida har wa yau.

Ubangiji ya ta'azantar da iyalan Potiskum da kewaye waɗanda har yanzu suke ɗauke da raunin shekarun wahala. Ya ba iyaye hikima da haƙuri a cikin ƙananan al'amuran kowace rana, ya kuma ba matasa zuciyar zaɓen abin da zai gamshe shi tun suna da ƙarfi. Amin.